Bindigar da Aka Jingine wa Likita Dogo

Juma'a: fita daga Greensboro

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na tsayar da tsohuwar motata a ƙofar gidan Baba Yohanna, a gabashin Greensboro, na tarar an kunna duk fitilun gidan. Lokacin shekarata uku da zuwa Amurka karatun kimiyyar ƙasar noma, a tsakiyar shekarun casa'in, kuma ba na jin akwai Lahadin da ta wuce ban ci tuwo a gidan nan ba. Baba Yohanna Bahaushe ne Kirista, mutumin wani ƙauye kudu da Zariya, yana gyaran injuna a wani asibiti a cikin gari. Ni kuwa Bakano ne, shi Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. Tun ranar da muka haɗu yake kirana Ɗan Kasuwa, alhali ko allura ban taɓa sayarwa ba.

Ga abin da ya fito da mu. Lokacin da za a haifi Baba Yohanna naƙuda ta yi wa mahaifiyarsa gardama har kwana biyu. Aka ɗauke ta zuwa asibitin mishan, wani likita Ba'amurke da mutanen yankin suke kira Likita Dogo ya yi mata aiki, uwa da ɗa suka tashi. Uban maharbi ne, ba shi da abin da ya fi bindigarsa ta adaka, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a daka. Likita ya ce ba ya karɓar komai. Maharbi ya jingine masa ita a ƙofar ɗaki ya juya, kuma daga ranar sai tarko yake ɗanawa har ya bar duniya. Yaro ya tashi ana tsokanarsa da Kuɗin Bindiga.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai, wata tsohuwar Baturiya a cocinsu ta kawo masa kundin wani gwanjo na tsofaffin bindigogi da za a yi a wani ƙaramin gari can bayan Asheville, a kan duwatsu. Ta ce ta ga an ambaci Najeriya a ciki. Likita Dogo ne ya rasu, magada suka tura kayansa gwanjo. Kaya mai lamba 214 bindiga ce doguwa, hotonta dishi-dishi. Baba bai taɓa ganinta da idonsa ba, amma mai shaidarta tana gidansa: mahaifiyarsa, Kaka Talatu, wadda ya ɗauko shekara biyu kafin nan, idonta ya riga ya yi rauni.

Na same ta zaune a falo cikin rigar sanyi biyu. Da yake Baba ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin.

Ta ce, "Habibu, ka gaya wa mutumin da za ka ɗauka, zoben tagulla uku ne a hancinta. Gindin ƙotar ya ƙone ta hagu, ni na ture ta cikin murhu ina amarya. In ya ɗaga fatar da aka naɗe ta da ita zai ga ƙyallen saƙi, bakin zanena ne."

Na ce, "Kaka, ai ga shi nan tsaye, yana jin ki."

"Na san yana tsaye. Kai nake gaya wa. Kuma kada ya kuskura ya karɓo ta kyauta. Abin da ubansa ya bayar ya bayar, mu ma mun karɓi kayanmu. In za ta shigo gidan nan ta shigo da kuɗinta, in kuwa kyauta ce a bar ta can."

A nan na gane abin da ya hana Baba rubuta wa magadan wasiƙa, shawarar da na yi mako biyu ina ba shi. Mama Rifkatu, matarsa, ta miƙa masa ambulan: dala ɗari biyar da hamsin, kwasar adashinta da ta yi niyyar sayen injin wanki. Ta ce, "Iyakarta ke nan, ko cent ɗaya kada ka ƙara." Ni kuma ta miƙo mini robar dambun nama da soyayyar kaza, ta ce in riƙe masa baki. Na ɗauka abinci take nufi. Baba ya yi addu'a, ni ma na yi tawa, muka tashi biyar da minti goma.

Daga Elm Street zuwa gindin dutse

Muka ratsa tsakiyar gari ta Elm Street, shaguna duk a rufe, mutum biyu ne kawai a tashar bas suna busa hannu. Muka hau babbar hanya mai lamba arba'in muka miƙi yamma. Winston-Salem mil talatin ce, mun wuce ta shida saura kwata. Gaba kaɗan na tsaya gidan mai na sha galan tara, dala ɗaya da 'yan kai kowane galan, na shimfiɗa darduma a gefen mota na yi asuba. Baba ya tsaya a kaina da kofin kofi yana gadi, wai kada wani ya zaci na faɗi ne ya kira asibiti.

Bakwai saura kwata muka shiga Statesville, mil saba'in daga gida, muka karya a wani ƙaramin gidan abinci. A ƙasar nan sai ka yi da gaske kafin ka sami farantin da alade bai leƙa ba. Na nemi ƙwai biyu da burodi, matar ta haɗo mini da wani farin faten masara da suke ji da shi, ba gishiri ba yaji. Baba ya zuba masa dambun nama ya juya, ya ce yanzu ya zama abinci. Mu biyu dala shida da rabi.

A hanya na ce, "Baba, yau dai za a san kuɗinka. Kundin nan ya ce daga ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu da hamsin. Ashe ba ka da tsada."

Ya ce, "Ai gara ni, an biya wani abu. Kai da goro biyar aka sallami ungozomarku."

Ya yi dariya, amma na lura ambulan ɗin yana aljihun ƙirjinsa, kuma duk bayan 'yan mintuna sai ya kai hannu ya taɓa. Muka wuce Hickory takwas saura kwata, Morganton takwas da 'yan mintuna. Daga Old Fort hanya ta fara hawa, mil shida tana nannaɗewa, manyan motoci suna nishi a gefen dama. Tawa motar ma ta ce ba da ita ba, allurar zafi ta doshi ja. Muka tsaya minti ashirin da biyar, Baba ya buɗe gaba, ya ɗaure wata tiyo da waya, ya ƙara ruwa. Ni na tsaya ina kallon hazo kwance a cikin kwari, duwatsu shuɗi-shuɗi suna bin juna har iyakar gani. Ni ɗan fili ne, ban taɓa tsayawa sama da gajimare ba, kuma gaskiya na ji daɗin lalacewar motar.

Muka wuce Asheville tara da rabi da 'yan kai, muka sauka ƙaramar hanya. Goma da kwata muka iso, mil ɗari da casa'in da huɗu cif a agogon mota.

Ranar duba kaya

Wurin gwanjon tsohon sito ne na katako. Al'adarsu ita ce a baje kaya ranar Juma'a kowa ya duba, a sayar ranar Asabar. Wata mata a bakin ƙofa ta rubuta sunan Baba, ta duba lasisin tuƙinsa, ta ba shi kati mai lamba 88, ta gaya masa duk abin da ya saya akwai la'adar kashi goma a kai. Ke nan tayinmu ba zai wuce ɗari biyar ba. A ciki tebura ne jere, an shimfiɗa musu koren bargo, bindigogi sun fi ɗari uku: na yaƙin basasarsu, dogaye na maharban duwatsu, ƙanana masu ƙotar hauren giwa a cikin akwatin gilashi. Mutanen galibi dattawa ne masu hular hana-salla, suna magana ƙasa-ƙasa, suna leƙa bakin bindiga da 'yar tocila. Baƙar fata mu biyu ne kawai, amma wanda ya kalle mu sau ɗaya sai ya koma kan ƙarfensa.

Lamba 214 tana can ƙarshen tebur na baya, inda ake tara na arha. Takardar da aka rataya mata ta ce bindigar fatauci ce ƙirar Turai, ta sha jiki, an yi mata gyaran ƙauye. Baba ya tsaya bai taɓa ta ba. Ni na ƙirga zobban, uku. Na juya ƙotar, ga baƙin tabon wuta ta hagu, faɗin tafin hannu. Sannan Baba ya sa farce ya ɗan ɗaga bakin jar fatar da ta bushe, sai ga zaren saƙi baƙi da fari. Na kau da kai na shiga karanta takardar bindigar da ke kusa, don in ba shi wuri.

Sai wani dattijo siriri mai tabarau ya matso ya tsaya yana kallon bindigar. Ina ganin fuskar Baba ta canza na san abin da zai yi, don abin da kowane ɗayanmu zai yi ke nan a kasuwa. In kana son akuya kuma ga wani yana zagayarta, ai sai ka ce ƙafarta ɗaya ba lafiya. Baba ya ɗaga bindigar da yatsa biyu, ya taɓe baki, ya ɗaga murya da Turanci wai da ni yake.

"Dubi abin da suke kira ƙirar Turai. Wannan ko jirgi ba ta taɓa gani ba sai ranar da aka kawo ta nan. Maƙeran ƙauyenmu ne suka naɗe ƙarfen nan suka daka, ga sawun guduma. Kunamar ma da hannu aka goge ta. Ƙotar icen ƙirya ne, zobban nan tsohuwar tasa aka yanka. Fatar akuya ce ta jemar gida. Wa zai ba da kuɗi a kan wannan?"

Dattijon ya zaro ɗan littafi daga aljihu. Ya ce sunansa Mista Harlan, ya roƙi Baba ya maimaita sunan icen. Ya tambayi sunan ƙauyen, ya tambayi shekarun da aka yi irin wannan ƙira. Baba yana ganin kushe ta kama, ya ƙara wuta, har ya nuna masa inda maƙeri ya yi kuskure ya toshe da tagulla. Na taka masa ƙafa, ya janye ƙafar ya ci gaba. Mutumin ya cika shafi biyu, ya yi godiya har da ɗan rusunawa, ya tafi.

Da muka fito Baba ya ce, "Ka gani? Haka ake yi, Ɗan Kasuwa. Na kore shi."

Na ce, "Baba, mutumin da aka kora ba ya rubutu. Irin ta Turai dubbai aka yi, shi ya sa suka sa mata arha. Ta hannun maƙeri, wadda aka san garinta, ita ce abin nemansu. Kai ka gaya masa."

Ya tsaya cak a tsakiyar filin ajiye motoci. Can ya ce a hankali, "Wace irin kasuwa ce wannan, da aibu yake ƙara wa kaya kuɗi?" Sai a lokacin na fahimci bakin da Mama Rifkatu ta ce in riƙe.

Muka kama ɗaki mai gado biyu a wani ƙaramin otal a bakin rafi, dala talatin da huɗu. Mai otal ɗin, wata tsohuwa mai kare, ta ce in dai gwanjo muka zo mu tashi da wuri, kujerun gaba ba sa jira. Na haɗa azahar da la'asar na yi ƙasaru. Da yamma muka ci kifin rafi soyayye da dankali, muka ƙarasa da kazar Mama. Baba ya buga waya gida kafin magariba, na ji yana cewa, "Ita ce. A gaya mata ita ce." Bai faɗi sauran labarin ba, ni ma ban tona shi ba.

Asabar: gwanjo

Tara da rabi muna kan kujera a layi na uku. Goma daidai mai gwanjo ya hau mumbari, ƙato mai jan wuya, da 'yar gudumar katako. Mu gwanjon da muka sani ana yi ana raha, ana zolayar mai taya. Nan kuwa bakin mutumin gudu yake kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ba abin da nake kamawa sai lambobi. Ba mai cewa uffan. Wani ya ɗaga kati, wani ya ɗaga gira kawai, sai ka ji guduma. Wata bindigar yaƙi ta tashi dala dubu huɗu cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Kaina ya yi ta ƙaiƙayi, na hana kaina sosawa, kada in wayi gari na sayi igwa.

Biyu saura minti ashirin aka ɗago lamba 214. Mai gwanjo ya ce an samu ƙarin bayani jiya, ashe ƙirar Afirka ce ta hannu. Baba ya runtse ido. Aka fara da ɗari. Baba ya ɗaga kati, wani mai gemu ya ce ɗari da hamsin, Baba ɗari biyu. Mai gemu ya janye a ɗari uku. Na fara murna, sai na ga kati ya ɗago daga can gefen dama, Mista Harlan ne, ko kallonmu bai yi ba. Ɗari uku da hamsin. Ɗari huɗu. Daga nan suka koma ƙarin ashirin da biyar-biyar, Baba yana ɗagawa da ƙarfi, shi yana ɗagawa kamar mai korar ƙuda. Baba ya kai ɗari biyar. Mista Harlan ya ce ɗari biyar da ashirin da biyar.

Mai gwanjo ya nuno mu da guduma yana jira. Na raɗa wa Baba cewa akwai dala sittin a jikina. Ya girgiza kai, ya kife katin a gwiwarsa, ya ɗora hannu a kai. Guduma ta sauka. Ya zauna har aka sayar da kaya biyu a gaba, don kada a ce ya tashi da fushi, sannan ya miƙe ya gyara rigarsa muka fita.

A mota ya zauna ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce, "To, ka ji kuɗina. Na fi abin da ka ce." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ce, "Ba rashin ne ya dame ni ba, Habibu. Na riga na ce a gaya mata ita ce."

Na ce zan je bayi. Ban je bayi ba. Na koma cikin siton na samu Mista Harlan a teburin biya, na ce ina da magana. Na ba shi labarin tun daga naƙuda har jingine bindiga a ƙofar likita, na gaya masa mai zanen da ke ƙarƙashin fatar tana nan da ranta a Greensboro. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi ma daga Greensboro yake, a unguwar Irving Park gidansa yake. Wato mil ɗari da casa'in da huɗu muka yi don mu yi takara da mutumin da ke mil huɗu da mu. Ya ce yana da bindigogin Afirka goma sha ɗaya, ba wadda ya san mai ita, yau ga ta farko ya samu, kuma ga shi ashe ba tasa ba ce.

Ciniki a filin mota

Mista Harlan ya fito da bindigar a naɗe cikin bargo, ya zo har motarmu ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce tasa ce, ya kai wa mahaifiyarsa. Baba ya harare ni, ya miƙe tsaye, ya mayar da hannuwansa baya.

Ya ce da Turanci, "Na gode, Allah ya saka. Amma ba zan karɓa ba, sai dai ka sayar mini."

Mista Harlan ya dube ni. Na yi masa bayanin sharaɗin Kaka. Ya yi murmushi ya ce to, ya sayar dala ɗaya.

Baba ya ce, "Albarka." Da Hausa ya faɗa, bai ma san ya faɗa ba. Na fassara cewa tayin bai yi ba.

"Hamsin?"

"Albarka. Za ta tambaye ni, ba kuwa zan yi mata ƙarya ba. Dala ɗaya ko hamsin duk kyauta ce da aka sa wa riga. Nawa ka biya har da la'ada?"

Mista Harlan ya nuna takarda, ɗari biyar da saba'in da bakwai da rabi. Tun da nake zuwa kasuwa ban taɓa ganin irin wannan ba, mai kaya yana ragewa mai saye yana ƙin yarda. Mista Harlan ya hau zuwa ɗari biyu, ya ce wallahi, ko abin da ya yi kama da wallahi a bakinsu, ba zai wuce nan ba. Baba ya juya kamar zai shiga mota. Mista Harlan ya hau zuwa ɗari huɗu. Baba ya zaro ambulan ya ɗora a kan bonet, ya ce ga ɗari biyar da hamsin, saura ashirin da bakwai da rabi, kuma ba ya son ragi. Na sake kawo maganar dala sittin ɗina, ya ce kuɗin Kano ba za su shiga bindigar Zazzau ba.

Sai Mista Harlan ya ce yana da shawara. Masu duba masa kaya kuɗi yake biyansu. In Baba zai zo gidansa wata Asabar ya bi bindigogin nan goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya ya zage su kamar yadda ya zagi wannan jiya, to ya biya cikon har da ƙari. Baba ya yi nazari, ya tambaye ni da Hausa ko wannan biya ne ko wayo. Na ce aiki ne, kuma ya ga da idonsa bakinsa yana da tsada. Ya miƙa hannu suka tafa. Mista Harlan ya rubuta takardar sayarwa a kan bonet, matar bakin ƙofa ta sa hannu a matsayin shaida, ta ce irin wannan tsohuwar ba ta bukatar wata takarda bayan wannan.

Hanyar gida

Uku da minti ashirin muka tashi, bindiga a but cikin bargonta, don tsawonta sai da muka karkata ta. Mil biyar da barin garin muka tarar da 'yan sanda biyu sun tare hanya suna duba lasisi. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba: baƙi biyu, tsohuwar mota, ga bindiga a baya. Ɗan sandan ya duba takarduna, ya tambaya ko akwai makami a motar. Baba ya ce akwai, daga gwanjo muke, ga takarda. Ɗan sandan ya ce mu tsaya gefe mu buɗe.

Na ce da Hausa, "Baba, don Allah wannan karon kada ka ce komai a kanta."

Ɗan sandan ya ɗaga bargon, ya yi 'yar fito, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Ya ce kakansa yana da mai kama da ita ta harbin kurege, amma ba ta kai wannan tsawo ba. Ya tambaya ko tana tashi. Baba ya ce rabonta da albarushi tun ranar da aka haife shi. Suka rufe mana but da kansu, suka ce mu sauka lafiya.

Gangarar Old Fort motar ta yi ta ba gardama. Muka tsaya Hickory biyar da kwata na yi salla, muka ƙara mai na dala takwas, muka cinye sauran dambun a tsaye. Daga Statesville Baba ya kama waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa, waɗanda ban san su ba amma na iya amshinsu kafin Winston-Salem. Bakwai da minti ashirin da biyar muka tsaya a ƙofar gida.

Kaka Talatu tana kujerar da muka bar ta. Baba ya durƙusa ya warware bargon ya ɗora mata bindigar a cinya. Ba ta taɓa ba. Ta ɗaga hannuwanta sama, ta juyo inda take jin numfashina.

"Habibu, an biya?"

"An biya, Kaka. Duk abin da Mama ta bayar, kuma saura yinin aiki guda da zai je ya yi."

"Ba ragi?"

"Sun yi sun yi, ya ƙi."

Sannan ta sauke hannu. Ta bi hancin bindigar tana ƙirga zobban da yatsa, ta gangaro har gindin ƙota ta sami tabon wutar, ta yi 'yar dariya, ta ce ranar ta sha faɗa. Ta sa farce ƙarƙashin fatar ta daɗe tana murza zaren. Mama Rifkatu tana tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu. Sai tsohuwa ta sunkuya, ta yi magana da bindigar, ba da mu ba.

Ta ce, "Sannu da hanya. Kin daɗe. To ga abin da aka karɓo a madadinki, har ya yi furfura, har ya je ya ɗauko ki da guminsa." Ta miƙa ɗaya hannun ta lalubo kan Baba Yohanna inda yake durƙushe, ta bar shi a nan. "Mai ke na farko ya mutu yana cewa ba a cuce shi ba. Ni ma ban ga cuta ba."

Baba bai ɗago ba. Ni na fita na ce zan kwaso kaya a mota, ko da yake robar dambu ce kaɗai ta rage a ciki, ita ma ba komai.

Da na dawo an zuba tuwo da miyar kuka. Mama Rifkatu ta ce injin wanki sai wata kwasar, kuma a kan Baba wankin zai zauna kafin nan. Muka ci muka ƙoshi. Mun je lafiya mun dawo lafiya, mil ɗari uku da tamanin da takwas, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina kuma gode wa Mama da guzurinta, da dattijon Irving Park da ya yarda aka saya a hannunsa, da Kaka Talatu, wadda ta sa aka rataye bindigar a ɗakinta, daidai inda hannunta zai kai.